Wace Rufewar, Malam Lawandi?

Barcin da ya ɗauki Malam Lawandi ran nan na gudun magana ne. Ya dawo daga ofis bayan azahar, ya ƙi taɓa dambun da matarsa Uwale ta ajiye masa, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ce zai ɗan miƙe baya kafin la'asar. Ko hula bai cire ba.

Shi ne shugaban duba-gari na Tudun Marke, shekara ashirin da shida yana aikin. Mutum ne mai tsafta har ta so ta yi masa yawa, irin wanda in ka ba shi ruwa sai ya ɗaga kofin ya leƙa gindinsa kafin ya yi bisimilla. Ba ya karɓar na goro, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Aibinsa guda ne: yana son takarda ta bar teburinsa fes, kada kowa ya dawo masa da ita.

Da daminar bana amai da gudawa ya shiga gari ya kwashi mutum goma sha ɗaya, bakwai daga cikinsu 'yan Unguwar Majema. Likita ya ce daga ruwa ne, ga rijiyoyi baki buɗe, igiyar guga tana jan ƙasa ana mayar da ita ciki. Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna, aka ce Lawandi ya rubuto doka. Ya rubuta layi ɗaya tak: "Duk rijiyar da jama'a ke sha, a rufe ta." Likita ya karanta ya gyaɗa kai, don shi murfi ya gani a ransa. Ciyaman ya karanta ya sa hannu, don shi cikewa da ƙasa ya gani, tunda ya yi wa mutane alkawarin burtsatse. Lawandi ya lura da su duka biyun, ya ja bakinsa ya yi gum.

Da safiyar ranar da ya yi barcin nan, mataimakinsa Mati ya tsaya a bakin ƙofar ofis yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, batun rijiyar Majema. Wace rufewar za mu yi, ta murfi ko ta ƙasa? Mai tifa yana jiran magana."

"Abin da takarda ta ce shi za ka yi."

"Ai takardar ce, ranka ya daɗe..."

"Mati, ka iya karatu ko ba ka iya ba?"

Mati ya iya karatu, ya kuma iya lissafin wahala. Murfi sai an nemo siminti da magina, a yi sati ana kai da kawowa. Ƙasa kuwa aikin yamma ɗaya ne, gobe a rubuta rahoto. Ya je ya ce wa mai tifa ya kawo jan ƙasa da la'asar, Lawandi kuma ya ji shi ta taga, bai ce uffan ba.

Kafin azahar sai ga Gwaggo Kuluwa, tsohuwar da Unguwar Majema ke turowa in magana ta yi nauyi. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa.

"Lawandi, ba wanda zai gaya mini rijiyar nan ta ci mutum, don jikata na cikin bakwai ɗin. Amma burtsatsen naku har yau a baki yake. In ka cike mana ita, sai tafki, inda ake jiƙa fata, shanu su shiga su fita."

"Gwaggo, doka ce, ba ni ba ne."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. "To, Allah ya ba doka lafiya."

Wannan addu'ar ce ta biyo shi har kan tabarma. Yana juya ta a zuciya, yana neman inda zai ajiye ta, har ido ya rufe.

Sai ya ji an ce, "Lawandi ɗan Barau, taso."

Wani gajeren tsoho ne tsaye a kansa, busasshen taɓo har gwiwa, dagi a kafaɗa. Ya gane shi nan take. Baba Tunau ne, mahaƙin da ya haƙa rabin rijiyoyin Tudun Marke, wanda ya rasu tun Lawandi na firamare. Abin bai ba shi mamaki ba, don mafarki ba ya tambayar irin wannan.

"Baba, ashe kana nan?"

"Ina inda aka ajiye ni. Shekara ashirin da shida kana duba garin mutane. Taso, ga wani gari ka duba."

Suka bi wata hanya mai yashi, tsohon a gaba, har suka shiga wani gari. Gari ne kamar kowane gari, da lunguna da rumfuna, sai dai haskensa ɗaya ne ko'ina, kamar hantsin da ba zafi. Ba ihu, ba kuka. Kowa na abin da yake yi shiru, kuma shirun nan ya fi ihu sanyaya jiki.

"Baba, nan ce Lahira?"

"A'a. Wannan sani na Mai shi ne, ni da kai ba mu isa ba. Nan dai ana nuna wa mutum aikinsa ne, a ce masa ya zauna a ciki."

Kasuwa suka fara shiga. A rumfar farko wani mutum ne kwance da zazzaɓi, jiki na karkarwa, ga tulin kafso a gabansa. Ya ɗauki biyu ya haɗiye, ya jira, ya ƙara biyu, ya jira. Bakinsa ya yi fari fat.

"Me ya same shi?"

"Alli yake dakawa ya ɗura a kafso ya sayar wa masu jinya. An ce ya sha nasa har ya warke."

Gaba kaɗan wani ƙaton mutum ne tsaye cikin kango, ya tallafe rufin siminti da kansa da hannuwansa biyu, yashi na zubo masa a ido. Baba Tunau ya ce magini ne, wanda in an ba shi buhun siminti goma ya zuba shida. Ga mahaucin da ke yanka mushe da asuba kafin mutane su fito, an ɗora masa faranti a cinya, ba shi da abinci sai hajarsa. Ga direban da ke cusa mutum ashirin a motar mutum goma, yana tafe da ƙafa, fasinjojin duka a gadon bayansa, har da akuyar wani. Ga wata mata da ke sirka man gyaɗa da abin da ita kanta ba ta san sunansa ba, tana ta suya, ƙosan na narkewa a kasko. Babu mai dukan kowa a cikinsu, babu ma mai tsaronsu.

Malam Lawandi ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Waɗannan ai su ya yi rayuwarsa yana kora daga lungu zuwa lungu. Ya gyara zaman hula, har tafiyarsa ta koma irin ta ranar zagaye.

"Baba, ka gani ko? In ba hukuma a kan mutane, ai sai su ci junansu ɗanye."

"Haka ne," in ji tsohon. "Ɗaga kai ka ga waɗanda suka bar su."

A kan wani tudu da ke kallon kasuwar, manyan mutane ne zazzaune a kujeru, da manyan riguna. Kowanne ya rungumi wani faffaɗan murfin dutse a cinyarsa, jijiyoyin wuya sun fito don nauyi. A gaban kowanne akwai rami baki buɗe, taku ɗaya tsakani. Can sai a ji wani abu ya faɗa ramin, tsulum, sai mai kujerar ya runtse ido.

Lawandi ya matsa kusa da ɗaya, wani dattijo mai kyan fuska, ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana ka ɗora murfin? Ga ramin nan a gabanka."

"Lokacin da hannuna ke kaiwa ban ɗora ba," in ji dattijon a hankali. "An kawo mini maganar mai alli, na ce a bar kaza cikin gashinta, surukin wane ne. An kawo ta magini, na ce zaɓe ya matso. Da bene ya faɗo kan mutane na je ta'aziyya, na ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ina tsoron a ce ni mugu ne. Har na bar kujera ba wanda ya taɓa zagina."

Tsulum. Dattijon ya runtse ido, Lawandi ya ja da baya.

Da suka sauko daga tudun sai iska ta canza, ta yi sanyi kamar ta bakin rafi. Ga wata tsamiya, ita kaɗai ce mai inuwa a garin. Wani siririn tsoho na zaune a gindinta da gajeren wando na kaki, ludayi a gefensa. Mutane sun yi dogon layi, maza da mata, tsofaffi da masu goyo, kowa ya zo sai ya durƙusa ya miƙa masa ruwa a ƙwarya, ya kurɓa, na baya ya matso.

"Wannan ɗan sana'arku ne," in ji Baba Tunau. "Nomau Mai-ludayi. Shi ke shiga gida-gida yana kamfatar ruwan randa ya duba tsutsa. Mata na jin sallamarsa suke tsine masa. Ranar da ya rasu, waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba."

"To su waɗannan fa? 'Yan uwansa ne?"

"Ko ɗaya bai sani ba, su ma ba su san shi ba. Waɗanda ba su mutu ba ne. Wannan da ciwon shekara kaza ne zai ɗauke ta tana goye, waccan kakarta ce ta tsira, shi ya sa aka haife ta. A duniya ba mai zuwa ya gode maka don cutar da ba ta kama shi ba, ai bai san an yi ba. Nan ne ake tara su."

Idon Malam Lawandi ya kawo ruwa. Shi ma an tsine masa a lunguna ba adadi, kuma bai taɓa tunanin akwai inda ake ajiye irin wannan ba. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya tambaye shi yadda ya yi ya samu wannan inuwa.

Nomau ya yi murmushi. "Ni dai ban san wata dabara ba, ɗana. In na tarar da tsutsa, ruwan nan sai na zubar da shi, ko matar gida za ta yi birgima. Amma ba na fita sai an wanke randar a gabana, an sake cika ta, an ɗora faifai. Wani lokaci ni ke ɗebo musu. Ka zubar wa mutum da ruwa ka tafi, ai ƙishirwa ka bar masa, ita kuwa ba ta san doka ba."

Maganar ta ɗan soki Lawandi, amma ya yi kamar bai ji ba. Ya so a ce nan zagayen ya ƙare. Baba Tunau ya gyara dagi a kafaɗa ya ce da sauran tafiya.

Unguwar da suka shiga daga nan tsaf take, an share ko'ina, gine-ginenta duk ofisoshi ne. Abin da ya fara tarar su dariya ya ba Lawandi. Wani mutum ne da kwat da takalmi sau-ciki yana bin kaza a guje, linzami a hannunsa. In ya kama ta ya buɗe bakinta, linzamin ya ƙi shiga, ta kuɓuce, ya sake bi.

"Ko ba a gwada ba..." in ji Lawandi.

"Shi sai da ya gwada. Dokar da aka yi wa babban otal ya ɗauka ya ɗora wa mai waina a bakin titi. Wai sai ta sa tayil, ta sayi firji, ta kawo takardar likita uku. Mata arba'in suka nannaɗe tabarmarsu. Waɗanda suka ƙi bari suka koma soyawa a ɓoye a bayan gida, kusa da masai, inda ba mai dubawa. Garin gyaran gira ya rasa ido."

Lawandi ya daina dariya. Suka wuce wani dogon gini mai ƙofa bakwai a jere, ana hango randar ruwa a can ƙarshe. Wani mutum da leɓe a bushe yana ƙwanƙwasa ta farko, a ce masa sai da hatimin ta huɗu. Ya je ta huɗu, a ce sai ya kawo shaidar ta biyu, ta biyu kuma mai ita ya fita salla. Baba Tunau ya ce shi ya tsara wa masu neman izinin buɗe injin niƙa wannan hanyar, har wasu suka tsufa a kan benci. A bayan ginin wasu ne ke jan ruwa da guga mai huji, kafin ya iso baki ya tsiyaye. Su dokar da aka ba su mai kyau ce, suka mai da ita abin tatsar mutane, wanda ya miƙa ya wuce ko da mushe ne a kansa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai wani zaure cike da mutane masu ɗingishi. Kowa da takalmi iri ɗaya, awo ɗaya, wani ya matse shi har jini, wani yana ja kamar akushi.

"Waɗannan ba mugaye ba ne," in ji tsohon, muryarsa ta yi laushi. "Da yawansu alheri suka nufa. Sai dai daga kan tebur suka auna ƙafar jama'a, ba su taɓa zuwa sun ga inda dokarsu ke sauka ba."

Malam Lawandi ya tsaya. Kansa ya ɗaure, kuma ya gaji da a nuna masa abu a ƙwace.

"Baba, ka ruɗa ni. Can an kama mutane don ba su yi doka ba, nan an kama wasu don sun yi. To ina mutum zai tsaya?"

"Inda za ta sauka, nan za ka je ka tsaya. Ka dubi wanda za ka hana abu, ka tambayi kanka, gobe da safe ina zai nufa? In inda zai nufa ya fi inda ka hana shi muni, ba ka gama rubutu ba tukuna."

Suna cikin haka sai Lawandi ya ga lungun da suke ciki ya san shi. Ga katangar da ake shanya fatu, ga warin jima, ga durumin bakin masallaci. Unguwar Majema ce. Amma inda rijiya take, tsibin jan ƙasa ne, an daddale shi, har ciyawa ta fara tsirowa. Mata na wucewa ta gefensa da jarkoki da tuluna, ba mai kallonsa, sun miƙe hanyar tafki. Suna dawowa da ruwa kore-kore, suna shiga gidaje. Daga wasu gidajen kuma maza na fitowa da makara, su ma shiru.

A gefen tsibin an ajiye tebur da kujera, ba kowa a kai. Teburinsa ne, har da zoben da kofin shayi ya bari. Takarda ɗaya ce a kai, da rubutun hannunsa.

"Wannan wurin wa ake jira?" Ya san amsar, bakinsa ne kawai ya tambaya.

"Karanta."

Ya karanta. "Duk rijiyar da jama'a ke sha, a rufe ta." Ya ɗago da sauri. "Baba, ni ban ce a cike ta ba. Duba da kyau, babu inda na rubuta ƙasa."

"Babu inda ka rubuta murfi."

"To ai rijiyar ta ci mutane! Bakwai, Baba. Ni na shiga gidajen, ni na fesa magani, na ga tabarmin da aka kwantar da su. In bar ta baki buɗe, in zo in rungumi dutse a kan tudu?"

"Ko kusa. Ni na haƙa ta, gaba goma sha biyu, kuma ranar da na fito na ce musu su ɗaga mata baki su yi mata murfi. Suka ce sai bayan kaka. Kaka hamsin ke nan. Mutanen nan ba su da gaskiya a wannan, kuma ba za su yi da kansu ba sai an tsaya a kansu. Dokarka tana kan hanya, Lawandi. Ba don ita aka ajiye maka kujera ba."

"To don me?"

"Don ka samu kalma mai baki biyu ka shige cikinta ka ɓuya. Ka ga likita ya fahimci ɗaya, Ciyaman ya fahimci ɗaya, ka ce madalla, kowa ya tafi da murna. Mati ya zo ya tambaye ka a fili, ka mayar da shi ga takarda. Kuluwa ta zo, ka ce ba kai ba ne. In abu ya yi kyau naka ne, in ya ɓaci na takarda ne. Su na kan tudu sun ji tsoro sun ƙi rubutawa. Kai ka ji tsoro ka rubuta abin da ba za a kama ka da shi ba."

Kunya ta rufe Lawandi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Tsohon ya kafa dagi a ƙasa ya jingina. "Mu mahaƙa mun san rufewa uku, don duk da mu ake yi. Akwai ta murfi, wadda ake buɗewa da safe. Akwai ta ƙasa, wadda ba a buɗewa. Ta ukun ita ce waccan." Ya nuna masu makara da haɓa. "In an dawo sai a ce, an rufe wance. Kalma ɗaya ce. Wanda ya ƙi faɗin wadda yake nufi, ita ke zaɓa masa."

Lawandi ya zauna a kujerar ba da niyya ba. Yana zama ya ga ashe ba a kan ƙasa take ba, a gindin rami take, bakin ramin can sama kamar faifai. Ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi abin da kowane Musulmi ke faɗa in ta kai masa.

"Wayyo Allah, a rufa mini asiri!"

Fuskar Baba Tunau ta leƙo daga sama, ba fushi a cikinta, sai tausayi.

"Wace rufawar, ɗan Barau?"

Sai jan ƙasa ta fara zubowa, a hankali, kamar ana sheƙa gero. Ta rufe masa ƙafa, ta kai gwiwa, ta kai ƙirji. Yana so ya ce ta murfi, ta murfi nake nufi, ƙasa ta cika masa baki.

Ya farka yana tari, 'ya'yan darbejiya na faɗo masa a fuska. Uwale na tsaye a kansa da buta.

"Malam, lafiya? Tun ɗazu kake ta cewa murfi, murfi. Wane murfin? Na tukunya?"

"An yi la'asar?"

"Har an fito."

Ya yi salati ya zabura. Ya yi alwala, ya yi sallar da shi kansa ya san ta yi sauri, ya haye babur ba ko takalmin kirki, sai silifan Uwale.

Ya makara. Tun daga bakin durumi ya hangi ƙura, tifa ta riga ta juye rabin kayanta, bayanta na ƙara ɗagawa. Mutanen unguwa sun yi da'ira. Ya yar da babur ya sha gaban motar yana ɗaga hannu, direba ya taka burki ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

"Sauke bayan motar nan! Mati, kawo takardar."

Mati ya miƙo. Malam Lawandi ya ɗora ta a kan murfin injin tifa, ya zaro biro, ya ƙara rubutu a ƙarƙashin layin, ya sa hannu da kwanan wata. Sannan ya juya ya karanta da ƙarfi, yadda na bayan katanga ma zai ji.

"A rufe ta da murfin siminti mai ƙofa, a ɗaga bakinta, a rataye guga ɗaya wanda ba ya taɓa ƙasa. Ba a cike ta ba." Ya ninke takardar. "Ni na rubuta ta farko, ni na bar ta da baki biyu, kuma na san abin da nake yi. Laifin ƙasar nan da ta shiga nawa ne, ba na Mati ba."

Mati ya matso ya rage murya. "Ranka ya daɗe, Ciyaman fa?"

"Gobe zan je in gaya masa da bakina. In kujerar yake so, ga ta nan."

Ya dubi jama'a. "Ku kuma kada ku ce na zo lallashi. Ba mai shan ruwan nan sai an yashe ta an zuba magani. Bayan an yi murfi, duk wanda na kama ya bar shi buɗe, ko ya jefa gugan gidansa, sammaci zan kai masa da hannuna, ko limamin unguwa ne."

Liman, da ke tsaye a gefe, ya yi gyaran murya ya ce ai gaskiya ne.

Gwaggo Kuluwa ce ta fito daga cikin mata, ta leƙa rijiyar, ta daɗe tana kallon jan taɓon da ya maye gurbin ruwa.

"Tun da hantsi muka cika duk abin da ke riƙe ruwa," ta ce, "har butocin alwala. In an yi tsimi zai kai mu kwana biyu. Bayan nan sai tafki, Lawandi, ko da doka ko ba doka."

"Kwana biyu gare ni ke nan."

Ya cire rigar kaki ya miƙa wa Mati, ya nannaɗe wando, ya ce a kawo igiya da shebur da bokiti. Wani ya ce ai akwai masu yasar rijiya a ƙauye, a aika musu gobe. Ya ce a aika yanzu, amma kafin su iso ba zai tsaya kallo ba. Majema huɗu suka ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum mai shekara hamsin da huɗu da tumbi, wanda bai taɓa shiga ramin da ya wuce na shuka ba. Ya dafa bakin rijiyar ya zura ƙafa ciki.

Gwaggo Kuluwa ta tsaya har kansa ya ɓace a ciki. Sannan ta juya ga masu igiyar.

"Ku riƙe da kyau," ta ce. "Ku sassauta masa a hankali, ɗan mutane ne."